Ramukan Sakata

Sau uku kafinta yana tashi daga benci kafin a kira su ofishin malama mai ba ɗalibai shawara. Ya leƙa taga, ya karanta jadawalin da ke bango, ya girgiza ƙafar bencin ya ce ƙusa ɗaya ta saki.

"Don Allah ka zauna," in ji yayarsa. "Rakiya na ce ka yi mini, ba gyara ba."

Maganar 'yarta ce ta kawo su, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da kowa ke kira Walƙiya. Ranar Litinin, a ɗakin gwaje-gwaje, malami bai gama cewa kada kowa ya taɓa komai ba ta ƙyasta ashana, labule ya kama da wuta. Ba wanda ya ji ciwo, amma laifi na uku ke nan a zango ɗaya. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kan ko a kore ta ko a bar ta.

Malamar ta buɗe takardar tambayoyin da ta ba uwar ta cika a gida. Duk a kan ƙuruciyar yarinyar ne, kafin ta kai shekara shida. Tana zama ta gama cin abinci? Tana jiran layinta a wasa? Ta taɓa ficewa daga gida ba a sani ba? Yaya ta amsa kowace da rubutunta mai kyau: yarinya ce mai natsuwa, mai jin magana, ba ta taɓa wahalar da kowa ba.

Kafinta ya yi tari. Yaya ta taka masa ƙafa.

"In haka ne, abin sabo ne ke nan," in ji malamar, tana cire tabarau. "Kwamiti zai ce ko miyagun ƙawaye ne, ko ganganci. Da tun tana ƙarama take haka, da ina da abin riƙewa. Sai in nemi a jinkirta, likita ya duba ta, mu kuma mu sauya yadda muke koya mata. Ba kowane yaro mai ƙiriniya ne ke girma da matsalar rashin natsuwa ba, amma mai ita yakan bar sawu tun yana rarrafe. Sawun nake nema, Hajiya, ban ga ko ɗaya ba."

Yaya ta yi godiya ta miƙe. Malamar ta ba ta wata takardar da ba a cika ba, ta ce ko za ta tuna wani abu kafin Alhamis.

Sai da suka fita ƙofar makaranta kafinta ya buɗe baki.

"Yaya, Walƙiyar gidanmu kika rubuta, ko wata kika aro a maƙwabta?"

"Kai dai ba ka haifa ba. Ni zan ɗauki biro da hannuna in rubuta aibin 'yata, in miƙa wa bare? Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi."

Ya san ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Haka gidansu yake tun suna yara: a daki yaro a ɗaka, a yabe shi a waje. Shi ma lokacin da aka kira mahaifinsu makaranta a kansa, tsohon ya rantse cewa a gida kamar ɗan rago yake. Shugaban makaranta ya ce to raini ne ke nan, aka ƙara masa bulala. Bai gama aji biyu na sakandare ba ya ajiye jaka ya bi masu katako. Ya so ya faɗa mata haka, sai hankalinsa ya tafi kan wata mota mai ɗauke da alluna, maganar ta ɓace.

A gida suka tarar da Inna, mahaifiyarsu, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Walƙiya na zaune a bakin ƙofar falo, littafi a buɗe a cinya, ƙafa na kaɗawa, tana cusa tsinke a jikin katakon ƙofa.

"An kore ni, Kawu?"

"Tukuna. Me kike tonowa a nan, sarauniyar ɓarna?"

"Ramuka. Wane kafintan banza ne ya huda ƙofar nan haka?"

Ya durƙusa ya duba. Ramukan ƙusa ne bibbiyu, hawa uku, kowane sama da na ƙasansa, sai sakatar kanta can daidai goshin babba. Ya sa yatsa a na ƙasa.

"Kafintan banzan ni ne," ya ce. "Wannan kina shekara biyu, ranar da aka tsinto ki a bakin titi da takalmi ɗaya. Na ɗaga sakata. Bayan wata uku kika jawo bokiti kika taka, na sake ɗagawa. Na ukun nan kujera kika ɗora a kan bokitin."

"Ni?"

"A'a, Inna."

Inna ta yi dariya har shinkafa ta zube. "Wannan ai ba ta taɓa cin loma uku a wuri ɗaya ba. Da kwano nake bin ta, kamar mai kiwon kaza." Ta nuna ɗaya gefen ƙofar da haɓa. "Duba can ma, auta, ƙarƙashin fenti."

Ya shafa. Akwai wasu ramukan, an toshe su, fenti ya rufe, amma yatsa na jin su. Hawa huɗu.

"Naka ne," in ji Inna. "Babanku ya yi ta ɗagawa har ya gaji, ya ce kai sai dai a cire ƙofar a gina bango."

Bai yi dariya ba. Shekara ashirin yana ɗauka shi ne ya ƙi karatu, don haka aka faɗa masa, shi ma haka yake faɗa wa mutane. Ga shi abin yana rubuce a katako tun kafin ya san harafi ɗaya, ba wanda ya zo ya karanta. Ko da an karanta, wataƙila da bai gama makarantar ba. Amma da an tambaya.

Ya miƙe ya ɗauko guduma da abin ɓamɓare ƙusa.

"Me za ka yi?" in ji Yaya daga bakin kicin.

"Sawu malama ta ce tana nema. Katakon zan kai mata."

Ya riga ya cusa ƙarfen a bayan katako, fenti ya fara tsagewa, sai Walƙiya ta riƙe masa hannu.

"Kawu, tsaya ka yi tunani mana. Hoto bai isa ba?"

Inna ta tafa hannu. "Yau ga makaho yana yi wa makaho jagora."

Yaya ta baro bakin kicin. Ta zo ta tsaya tana kallon ramukan, na 'yarta a dama, na ƙaninta a hagu. Ta daɗe a na hagun. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da takardar da ba a cika ba, ta zauna a dokin ƙofa.

"Inna, wata nawa take ranar da ta faɗa randa?"

"Sha takwas. Rubuta da kyau, ki ƙara da ranar almakashi."

Ranar Alhamis malamar ta karanta takardar har baya, ta kalli hoton a wayar kafinta, ta shiga da takardar da wayar gaban kwamiti. Da ta fito ta ce an ɗage hukunci sai likita ya gani, Walƙiya ta dawo aji ranar Litinin, layin gaba, nesa da taga.

Yaya ta juya don ta gaya wa ƙaninta, ba ta gan shi a gefenta ba. Yana durƙushe a ƙarshen baranda, ya kifa bencin nan, yana mayar masa da ƙusa.