Keken da Babu Zare

"Sake faɗa, Auta. Bi ƙafata, kada ki bi bakinki."

Uwar Auta na wanke-wanke tana jiyo su ta kan katanga. Maƙwabcinsu Baba Tela na taka keken ɗinkinsa a hankali, yarinyar na ɗora kowace kalma a kan bugun keken. Auta mai in'ina, wadda ko "na'am" sai ta yi gumi kafin ta fito, ga ta tana cinye shafi guda ba tuntuɓe.

Tun shigarta sakandare aka tura ta bencin baya. Malami mai aji cike maƙil ina ya ga lokacin jiran kalma ɗaya? An ce in ta kasa karatun baki a ƙarshen zango za ta maimaita aji, ubanta kuwa ya rantse in ta maimaita, ta zauna gida ke nan.

Tsohon ya daɗe da daina ganin kafar allura. Keken ma babu zare, saboda Auta kaɗai yake taka shi.

"Baba, haki fa kake yi," in ji uwar. "Ka huta mana."

"Ke dai ji da tukwanenki. Ni da mutuniyata aiki muke yi."

Da ƙafafunsa suka kumbura, ya koma juya keken da hannu. Wata safiya ba a ji keken ba, sai kuka daga gidan.

Bayan zaman makoki 'ya'yansa suka zo kwasar kaya. Uwar ta cire kunya ta tare babban a ƙofa.

"Ku bar mana keken nan zuwa ƙarshen zango, don Allah."

"Ki yi haƙuri, Yaya. Kayan gado ne, ba ni kaɗai ba ne."

Da aka tafi da keken, uwar ta gwada da cokali a bayan kwano, tana bugawa daidai wa daida. Auta ta girgiza kai.

"Ba… ba haka ba ne, Inna. Shi y-yana jin zan maƙale, sai ya rage gudu."

Uwar ta ajiye cokalin, zuciyarta ta karye. Wannan kunnen an binne shi.

Ranar jarrabawa uwar ta leƙa ɗaki don ta ce mata rana ta yi. Auta na zaune a bakin gado cikin kayan makaranta, littafi a cinya, ƙafarta na taka siminti sama da ƙasa. Leɓɓanta sun haɗu a kan kalmar farko, suna rawa.