Kujerun Baya

Motocin biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin fitilun shagon, baƙaƙe wuluk, kamar tagwayen da aka yi wa wanka da ruwa ɗaya. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya a goshi. Dillalin ya buɗe ƙofofinsu, yana ta zuba kamar kanya.

"Injinsu ɗaya, Yallaɓai. Wannan mutum biyar take ɗauka, amma but ɗinta na zuba kaya ko firiji zai haɗiye. Waccan bakwai, sai dai ta fi shan mai."

Maigidan ya zaro tef daga aljihu, ya durƙusa yana auna but ɗin ƙaramar. Kiwon kaji ne sana'arsa, buhunan abincinsu yake nema wa mazauni.

"Wannan ta ishe mu," ya ce. "Mu biyar ne."

Hannun matarsa ya ƙame a kan marfin ƙofa. Shi, ita, yaransu uku. 'Yarta ta fari kuwa, wadda ta haifa da marigayi mijinta, tana can gidan kakarta tana jiran hutun makaranta. Maigidan da bakinsa ya yi alkawarin a hutun nan za ta dawo wurinsu. Har sabon zanen gado ta saya mata.

"Mu nawa ka ce, Baban yara?"

Ya ɗago, ya ga idanunta. "Suɓutar baki ce."

"Baki ba ya suɓuta da abin da babu a zuciya."

"Haba! Mota muka zo saya, ba gida ba. In ta zo sai a matsa mata."

"A matsa mata?" Ta saki marfin ƙofar, ta juyo gare shi. "Buhun dusa ka zo masa da tef har aljihu, 'yata kuma sai a matsa mata? A cinyar wa za ta zauna, budurwa guda?"

"Rage murya, mutane na kallonmu."

"Su kalla! Lokacin da kake sintiri a ƙofar gidanmu, kana cewa 'yarki 'yata ce, ai ba ka rage murya ba."

Dillalin ya ga ciniki zai wargaje, ya yi wuf ya shiga tsakani. "Hajiya, ai ta kwana gidan sauƙi." Ya zagaya bayan babbar, ya ja wata igiya. Kujerun baya biyu suka kife, suka shafe da daɓen motar. "Kun gani? In ba a buƙatarsu, ja ɗaya ne. Kamar ba a taɓa yin su ba."

Fuskar maigidan ta washe. "To, shi ke nan! Babbar za mu ɗauka. Kin huce?"

"Tayar da su," ta ce wa dillalin.

Ya tayar. Ta tattare mayafinta, ta sunkuya, ta kutsa can ƙurya ta zauna. Gwiwoyinta suka tokare kujerar gaba. Tagar wurin 'yar ƙarama ce, ba ta buɗewa. Dillalin ya rufe ƙofofin don ta ji yadda motar ke tare hayaniya.

Mijinta ya sunkuyo ta gilashi, yana murmushi, yana tambayarta wani abu. Tana ganin bakinsa yana motsi. Ba ta jin komai.