Uwar Maraƙar Hamdatu

Alhaji Dikko ya ƙarar da ƙarfinsa wajen lodin kaya a filin jirgin JFK, can ƙasar Turawa, amma ko a bakin titin unguwar Jamaica ka tare shi, zancen shanu zai yi maka. Da 'yarsu ta haifi Hamdatu, ya ce a zuriyarsu ba a raɗa wa jariri suna sai an ba shi saniya. Matarsa Hajiya Sauda, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta tambaye shi ko a baranda za su ɗaure ta.

Bai kula ta ba, ya shekara uku yana neman hanya. A ƙarshe ya sami wani manomi a arewacin jihar da suke zaune, mai sayar da ɗan tayin shanu a daskare. Ƙwan na wata shahararriyar saniya ne da ke wata jiha, sai a dasa shi a cikin wata saniyar daban ta yi goyon cikin. Haka aka haifi maraƙar Hamdatu. Sharaɗin manomin ɗaya ne: ba ya riƙon dabbar da ba ta da rajista, wadda ta rasa kuwa kasuwar mahauta za ta. Ƙungiyar masu rajistar kuma ba ta yarda sai gwajin DNA ya tabbatar da uwa da uba.

Manomin ya ce zai kula da wannan. Alhaji ya ce a'a, abin jikarsa ne, da hannunsa zai tsinko gashin wutsiyar maraƙar da na uwarta ya aika.

Sakamako ya dawo: uban daidai ne, uwar kuwa ba ita ba ce. Alhaji ya kira manomin ya ce masa mayaudari, da Turancinsa na masu lodi, wanda ba ya rasa kalmomin faɗa. Manomin ya ce to ya zo ya ɗauki abarsa kafin ƙarshen wata. Hamdatu, da aka saba nuna wa maraƙar a waya, ta shiga tambaya da Turanci yaushe za a kai ta ta gan ta. Kakan ya ce, "Amarya, yi haƙuri," ya kau da kai.

Sauda ba ta ɗauki na'urar gwaji annabi ba, ta ga kurakuranta a asibiti. Amma ta fi sanin mijinta. Da safe tana zuba masa koko ta ce, "Alhaji, a jikin wace saniya ka tsinko gashin?"

"Uwarta mana. Wadda take lasarta, take ba ta nono."

"Ai wannan uwar goyo ce. Su mai ƙwan suke nufi."

Ya ajiye ludayin. Ya ce wadda ba ta taɓa jin ɗumin maraƙar ba, ba ta yi naƙudarta ba, ita ce uwa? Dariya ta zo wa Sauda har wuya, sai ta haɗiye ta. Ta tuna shi ma gwaggonsa ce ta raine shi, kuma har ta rasu Inna yake kiranta. Ta ce masa gaskiyarsa ce, amma takarda ba ta san lasa ba, maraƙar kuma takarda ce za ta hana ta wuƙa.

Ya daɗe yana juya wayar a hannu kafin ya kira manomin. Sauda tana wanke kwanuka tana jin yana ba da haƙuri, kalma ɗaya ɗaya kamar ana cire masa haƙori. Manomin ya yi dariya har da tari, ya ce zai sa a haɗa gwajin da na mai ƙwan, maraƙar ta zauna.

Da ya kashe wayar ya ce wa Sauda ta shirya yarinyar ranar Asabar, za su je gonar.

"Idan ta tambayi wace ce uwar fa?"

"Ta gani da idonta," in ji shi.