Lasisin Baba da Wayar Likita

Duk ranar da likita zai kira, Baba sai ya yi aski ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Wayar gida ce fa, mai igiya, ba mai ganin kowa. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce mutum ba ya magana da likita yana warin shanu.

Abin da ke damunsa, mu nan tsibirin Flores ciwon tuntuɓe muke ce masa. Shi ya kashe kakata, shi ya kwantar da ƙanin Baba. Ƙafa ce take fara ƙin jin magana, sai harshe ya yi nauyi, daga baya haɗiya ta gagara. Likitoci suna da wani dogon suna da suke kiran sa, amma maganinsu da namu ɗaya ne, wato babu. Babban likitan yana can tsibirin São Miguel, jirgi kuma sai iska ta ga dama yake tashi, shi ya sa duk wata shida ake gwada Baba ta waya.

Wannan karon akwai magana. Baba ya cika sittin, lasisin tuƙinsa zai ƙare ƙarshen wata, likitan garinmu kuma ya ce ba zai sa hannu a sabunta ba sai ya ga rahoton babban. In ba lasisi ba a-kori-kura, in ba mota ba zuwa makiyaya, shanu goma sha ɗaya kuwa ba sa tatsar kansu.

Sati biyu kafin kiran, muna saukowa da madara, ƙafarsa ta nemi birki ta rasa. Muka daki katangar duwatsu a kwanar da mata ke jiran bas. Ranar ba kowa a wurin. Madara ta malale a titi. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya ce, "Odília, ba abin da ya faru." Da yamma ya koma ya jera duwatsun da rarrafe.

Ranar kiran, ƙarfe goma daidai waya ta yi ƙara. Likitan ya gabatar da kansa, Dokta Vasconcelos de Meneses, sunan gaba ɗaya, kamar mun manta shi tun wancan karon. Tambayoyinsa na haddace su. Ban gama sakandare ba, amma takardar tambayoyin tana intanet, na karanta ta da ƙamus a gefe. Waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa taka kashin saniya ba.

Ya tambayi Baba ko yana hawa bene. Gidanmu ba bene, Baba ya ce yana hawa lafiya lau. Ko yana yanka nama da wuƙa? Miyar kabeji yake sha safe da yamma, ya ce yana yankawa. Sai aka zo gwajin harshe, a yi ta maimaita pa-ta-ka da sauri. Wata guda Baba ya yi yana karanta wa shanu wannan pa-ta-ka ɗin, har sun daina ɗago kai. Ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a kan tebur, ya zuba shi kamar mai addu'a. Likita ya yaba masa.

"Ranka ya daɗe, ai harshen ba ya gajiya," in ji Baba. "Matata ce ta horar da shi kafin ta rasu."

Suka yi dariya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sai likita ya ce a ba ni wayar, wai ƙa'ida ce a ji ta bakin wanda ke zaune da majiyyaci. Ya tambaye ni ko Baba yana tafiyar mita goma ba tare da ya dafa komai ba. Na ce a makiyaya yana tafiyar fiye da haka, dafe da bayan saniya, ko saniya tana cikin lissafi? Na ji yana juya takarda. Ya ce abin da ke rubuce sanda ne, ko keken dafawa, ko mutum. Na ce to ya sa ta a mutum, ta fi wasu hankali. Bai yi dariya ba. Baba ne ya yi.

"Tambaya ta ƙarshe, Odília. A wata shidan nan, ya faɗi, ko wani hatsari ya same shi, a gida ko a hanya?"

Baba yana nan tsaye kusa da ni, ina jin numfashinsa. Bai kalle ni ba, igiyar wayar yake kallo. Na san abin da a'a za ta saya masa: wasu 'yan shekaru yana fita da asuba kamar kowane namiji a garin. Na kuma san ranar Talata mata shida ne ke tsayuwa a kwanar nan da kwandunansu.

Na faɗa wa likita gaskiya. Birkin, katangar, madarar. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Likita ya yi wani dogon bayani a kan daidaiton ƙafa da ƙwaƙwalwa, wanda a taƙaice yake nufin ba lasisi. Baba ya karɓi wayar ya yi masa godiya, har da cewa a gaida iyali. Ya ajiye ta a hankali.

"Baba," na ce.

"'Yar boko," ya ce. "Likita biyu a kaina."

Bai cire kwat ɗin ba. Ya ɗauki bokiti ya fita, ya wuce motar kamar ta maƙwabci ce, ya kama hanyar makiyaya a ƙafa. Kilomita huɗu ne, duk hawa. Hannunsa ɗaya a kan katangar gefen titi, bokitin yana dukan gwiwarsa. Na ɗauki makulli na tada motar, ni da ko takardar koyo ba ni da ita, na bi shi a giya ta ɗaya. Sau biyu na tsaya na buɗe masa ƙofa. Bai waiwayo ba.