Marolop Ya Keɓe Kansa

Ranar da Marolop ya dawo daga taron farkaswa na coci a garin Balige ya ce ya keɓe kansa ga Ubangiji, matarsa Lamtiur har hawayen murna ta yi. Mutumin da kullum yamma sai rumfar bammi, yau ga shi da hannunsa ya tsiyaye sauran gorar a kwata.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Marolop ya ware kofinsa da farantinsa. Ya daina leƙa garken aladu, wai ƙazanta ce. Shinkafa ta nuna a fadama, tsuntsaye na cin karensu babu babbaka, shi kuwa yana ɗaki a durƙushe har rana ta take. In Lamtiur ta ƙwanƙwasa sai ya ce, "Maman Togi, kada ki zame mini sanadin tuntuɓe."

"Ni da nake tuntuɓe da bokitin dussa tun da sassafe fa, wa ya zame mini sanadi?"

Ana cikin haka sai ga bikin 'yar Rospita, ƙanwarsa. Shi ne kawun amarya, shi zai yafa mata ulos, saƙin da ake sa albarka da shi. Marolop ya ce sam, wannan al'adar kakanni ce. Rannan Lamtiur ta dawo daga kasuwa ta tarar ya tara duk ulos ɗinsu a tsakar gida yana neman ashana, har da wanda mahaifiyarta ta saƙa kafin idonta ya mutu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe su ta ƙunshe a zani, ta ce, "Sa takalminka. Wajen Baba Gultom za mu."

Suka iske dattijon ikilisiyar a gonarsa, laka har gwiwa. Lamtiur ta zayyana masa komai ba ta rage ba. Tsohon ya share gumi ya ce, "Kiran nan na gaskiya ne, 'yata. Da Allah ya ce mu zama masu tsarki, ba wasa yake ba. Da ma duk mazan garin nan su ji abin da mijinki ya ji."

"Baba, ƙara na kawo, kai kuma kana zuga shi?"

Tsohon ya juya ga Marolop. "Da ka keɓe kanka, wa ka bai wa?"

"Ubangiji, Baba."

"To, ya ce ka ajiye masa a ɗaki? Ni dai in na ware laujena mai kyau, yanka nake yi da shi. Batun ulos kuwa, in zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka yafa, ba wanda zai tilasta ka. Amma saƙin surukarka ba naka ba ne, balle ka ƙona."

Suka kamo hanyar komawa. Sai da suka kusa gida Marolop ya ce, "Kin dai ji. Ya ce kiran gaskiya ne."

"Duk maganar nan, iyakar abin da kunnenka ya ɗauka ke nan, Baban Togi?"

Amma kashegari ya ɗauki lauje. Ya yi girbin nan yana rera waƙoƙin coci da muryar da ta kori tsuntsaye har daga gonar maƙwabta. Aladu ma ya koma ba su abinci, yana yi yana yamutsa fuska.

Ranar biki ya je, da farar riga. Wani ƙanensa ne ya yafa wa amarya ulos. Shi kuwa ya ture naman da aka dafa da jini, ya roƙi a bar shi ya yi wa yarinyar addu'a. Ya ɗora mata hannu a ka, ya fara daga ranar da aka haife ta, amarya na kuka. Kafin ya kai ga amin, miya ta daskare a faranti, surukai na ta gyaran murya. Lamtiur ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri. Rospita kuwa ba ta sake yi wa yayanta magana ba sai Kirsimeti.

Suna wanke tukwanen biki, wata maƙwabciya ta matso ta ce, "Maman Togi, kin ji daɗinki. Ina ma nawa ya zama irin naki."

Lamtiur ta ci gaba da kankarar ƙanzo. "Ranar Laraba yake azumi," ta ce. "Zo ki wuni da shi, sai mu sake maganar."