Gammon Jessica

A shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, aka buɗe sabuwar firamare a gefen ƙauyenmu, a gonar da mijina Wakili yake shuka doya a da. Na kai 'yata Jessica, hedimasta ya ce makarantar ta 'ya'yan ma'aikata ce. Ji min mutum! A ƙasar nan fa aka binne cibiyar yarinyar.

Wakili ya yi ta sintiri ofis-ofis, har wani jami'in ilimi, Malam Yamusa, ya zo da kansa ya ce doka ta hana a mai da yaro gida saboda ƙabilarsa. Aka ɗauke ta. Ranar na yi guɗa har muryata ta dishe.

Mu Gbagyi, da Hausawa ke ce wa Gwari, a kafaɗa muke ɗaukar kaya. Kai yana ɗauke da tunani, ba a ƙara masa nauyi. Haka uwata ta koya mini, haka na koya wa Jessica. To, a makarantar kullum da safe 'yan mata ke ɗebo ruwan yayyafa wa aji. Kowa ya ɗora bokiti a ka, tawa ta saɓa a kafaɗa. Sai dariya. "Ga Bagwariya!" Wasu har su karkace wuya suna bin ta a baya.

Na sami Malam Yamusa raina a ɓace. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama.

"Maman Jessica," ya ce, "kujera doka ta ba ta, ba mai ƙwacewa. Amma dariya, wa zan kama?"

Yarinya ta fara ciwon cikin ƙarya. Rannan ta ce ita ta bar makaranta, sai dai in zan koya mata ɗaukar kaya a ka. Ni ina na iya? Amma karatun nan mun sha wuya kafin mu same shi. Na je wurin maƙwabciyata, wata Bahaushiya, ta nuna mini yadda ake naɗa gammo.

Na yagi tsohon zanena na naɗa. Da hannuna na ɗora mata bokitin a ka. Ta taka a hankali, wuya na rawa, ruwa na zubo mata a fuska.

"Mama, yanzu na yi kama da su?"

"Kin yi," na ce.

Ta ruga ɗauko jakarta ta makaranta. Ni kuwa na zaga bayan rumbu, don kada ta ga ina kuka.