Igiyar Tururuwar Baba Luom

"Jeki ki ɗauko min guda ɗaya ta cije ni," in ji Baba Luom, ya kauda kai daga kunun shinkafar da nake ba shi.

Maƙwabcinmu ne; tun ina amarya na tarar da shi yana kiwon jajayen tururuwa a gonar lemonsa. Yakan rataya musu hanjin kaza, ya ɗaura igiya daga bishiya zuwa bishiya don su riƙa yawo, su kuwa su cinye masa tsutsa. Bai taɓa feshin maganin ƙwari ba. Nawa tururuwan ma daga gonarsa suka ƙetaro, ta igiyar da ya miƙo min bisa magudanar ruwan da ta raba mu.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ga Khanh, ɗan ƙanensa, ya sauko daga birni wai jinya. Jinyar me? Ban taɓa ganin ya wanke wa tsohon ko ƙafa ba, amma ya san lissafin kowace bishiya. Ni dai raina bai kwanta da shi ba.

"Tururuwanka suna nan lafiya lau, Kawu," Khanh ya yi caraf ya amsa daga bakin ƙofa. "Goggo, zauna abinki, kar ki wahala."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Na shiga gonar. Gidajen tururuwan na nan a rassa, ganye a naɗe, amma da na girgiza ɗaya ba abin da ya fito. Wani wari-wari irin na maganin feshi ya bugi hancina. Na tambayi Khanh, ya ce taki ne, yana maganar yana kallon ruwa.

Na tsallaka gonata na tsinko ganye mai tururuwa, na ɗora wa tsohon a bayan hannu. Ɗaya ta gantsara masa cizo. Ya lumshe ido yana murmushi.

"Tawa ce wannan. Ku bar musu igiyarsu."

"Taka ce, Baba," na ce, hawaye na neman tona min asiri.

Washegari da hantsi ya cika.

Khanh da kansa ya ɗaura wa kowace bishiya farin ƙyalle, don su yi makokin mai su kada su bi shi. Mutane na ta yaba masa. Na duba ƙyallayen nan, ko tururuwa ɗaya ba ta hau ba.

Da yamma na tsaya bakin magudana da wuƙa a hannuna, ina shawarar yanke igiyar da ya ce a bar musu. Tururuwana sun jeru a kan igiyar, suna ƙetarawa gonar Baba Luom.